Neman kalma da gaggawa: me za mu kira "shrine" na addinin Shinto?

Ummi Mai Shiri: Assalamu alaikum malamaina. Ina da shirin rediyo na minti 7 a kan wani tsibiri na Japan, Okinoshima, kuma ƙarfe 4 na yamma zan shiga ɗakin ɗauka. Ɗan mitsitsin tsibiri ne, kewayensa kamar kilomita 4, yana tsakiyar teku wajen kilomita 60 daga gaɓar Kyushu, ɗaya daga manyan tsibiran Japan, a kan hanyar Koriya. A 2017 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ba mai zama a can sai mutum ɗaya da ke kula da wurin, shi ma duk kwana 10 ake canjinsa. Mace ba ta taka shi. Namijin da zai shiga sai ya tuɓe ya yi wanka a teku tukuna, ba ya fitowa da ko tsinke, abin da ya gani kuma ba ya ba da labari. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: "shrine", Japanawa su ce "jinja". Sau 11 ta fito a rubutuna. Na sa "gidan tsafi", edita ya ja masa jan biro, bai kuma ba ni wata ba.

Abba Fagge: Matsafa. Tun kaka da kakanni muna da ita, mene ne abin wahala?

Ummi Mai Shiri: Yaya Abba, ai ita da gidan tsafi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Cewa ya yi mai sauraro na jin "tsafi" zai hango ƙwarya da jinin baƙar kaza da wanda ake son a nakasa. Alhali irin waɗannan wurare a Japan can ake kai jarirai, can ake ɗaura aure, ranar sabuwar shekara kuwa ba masaka tsinke.

Abba Fagge: To in ba tsafi ba mene ne? Wa ake bauta wa a ciki?

Malam Habu: Abba, fassara aka tambaya, ba fatawa ba. Ummi, hubbare fa?

Yakubu na Jos: Malam, hubbare sai da kabari, kamar Hubbaren Shehu a Sakkwato. Su kuwa 'yan Shinto mutuwa ƙazanta ce a wurinsu. Akwai wani tsibirin nasu, Itsukushima, mai jar ƙofar nan da ke tsaye cikin ruwa, ko gawa ba a binnewa a kansa. Mu a Littafi Mai Tsarki "haikali" muke cewa, sai dai ban ba ki shawararta ba, ƙanwata. Japan addini biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, Shinto da Buddha, kowanne da sunan wurinsa daban. In kin kashe haikali a kan wannan, ranar da kika zo kan ɗayan sai ki rasa ta cewa.

Baba Mai Ƙamus: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Hausa tana da awonta na sunan wuri. Karatu, makaranta. Jima, majema. Ƙira, maƙera. To bauta fa? Mabauta. Ba zagi a ciki, ba yabo, ba aron Larabci, ba aron Turanci. Gaba uku kacal. Shekaru ina faɗin wannan kalma ba mai saurare.

Malam Habu: Baba, Allah ya ƙara girma, amma mabauta ai jam'in mabauci ce. "Mabautan Okinoshima" mutane ne ko wuri?

Baba Mai Ƙamus: Mahauta fa? Masu yanka mahauta, wurin yankan ma mahauta, ka taɓa jin wanda aka aika sayen tsire ya ɓata? Karin sauti ke rabawa. Ta wuri duk gabobinta sama suke, ta mutane tsakiyarta ta sauka. Kuma rediyo za ta yi, kunne za a ba, ba ido ba. Banda haka, ta wuri "mabautar" take ɗauka, ta mutane "mabautan".

Ummi Mai Shiri: Baba na gane, kuma wallahi ta yi mini daɗi a baki. Amma rabin rubutun abokin aikina ne zai karanta, daga takarda, ba alamar sauti ko ɗaya. Yanzu na miƙa masa ya gwada, sau biyu yana karanta ta mutane.

Baba Mai Ƙamus: To laifin kalma ne ko laifin wanda bai iya harshen uwarsa ba? Haka aka yi wa "na'ura mai ƙwaƙwalwa" dariya har kwamfuta ta cinye ta. Larabawa na da majalisun ƙirƙirar kalmomi, masu Swahili na da tasu, mu kuma kowa jira yake gidan rediyon ƙetare ya faɗa sannan ya yarda Hausa ce.

Ɗan Zango: Baba, mu nan Kumasi in ka ce mabauta sai an tambaye ka me kake nufi. "Shirayin" kowa ke cewa, an gama.

Abba Fagge: Hausar Zango kuma har ta shigo layin kafa hujja?

Ɗan Zango: Yo ku Kanawa ba ku ke cewa "fulawa" da "tebur" da "asibiti" ba? Naku aron ne halas?

Hajiya ta Damagaram: Kun fara ko? Kullum aka zo neman kalma sai an koma wa ya fi wa iya Hausa, yarinya na can agogo na cin ta. Ummi 'yata, amsa mini abu guda: ginin ne abin girmamawar ko tsibirin?

Ummi Mai Shiri: Tsibirin ne gaba ɗayansa, Hajiya. Abin da ya fi burge ni a labarin ma ke nan. Daga ƙarni na 4 zuwa na 9 masu ƙetara teku zuwa Koriya da Sin suna tsayawa a yi roƙon sauka lafiya, kuma ba gini a lokacin. Da farko a kan manyan duwatsu ake ajiye kayan da ake miƙa wa alloli, sannan aka koma ƙarƙashin inuwar duwatsun, daga bisani a fili. Ginin da ake kira Okitsu-miya daga baya ya zo. Ɗaya ne cikin jinja uku na yankin Munakata, kowanne na ɗaya daga wasu alloli mata 'yan'uwa su uku: wannan, da na tsibirin Oshima, da babban da ke kan tudu a Kyushu. A Oshima har rumfa aka gina ta masu fuskantar Okinoshima daga nesa, tunda ba su da ikon zuwa.

Hajiya ta Damagaram: To kin ga "gida" da "ɗaki" duk sun faɗi. "Wurin bauta" za ki ce, wuri ya ɗauki dutse, ya ɗauki gini, ya ɗauki tsibiri. Tsibirin kuma kada ki ce "mai tsarki", wayoyi za su dame ku, mutanenmu sun san inda suke ajiye wannan kalma. Ki ce hurumi. Hurumin gari, hurumin maƙabarta, filin da aka keɓe ba a noma ba a gini. Wanda aka ce wa "ba huruminka ba ne" ya san an ja masa iyaka.

Malam Habu: Hajiya ta kawo ta. Kuma abin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A tarihin Kano wurin Tsumburbura kewaye yake da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. Jimla ɗaya a kan haka za ta haska wa mai sauraro fiye da kowace sabuwar kalma.

Abba Fagge: Yauwa Malam, kai da bakinka. Wurin Tsumburbura me ake kiransa in ba matsafa ba? Namu tsafi, na masu Toyota "wurin bauta". Da Maguzawa na ƙera mota da tuni an sama musu kalma mai ƙamshi.

Yakubu na Jos: Wannan kam ka faɗi gaskiya, Abba, sai dai ba inda kake so ta kai ba. Watakila na Maguzawan ne ya kamata a gyara.

Baba Mai Ƙamus: "Wurin bauta" bayani ne, ba suna ba. Kalma biyu inda ɗaya ta isa. Kuma hurumi Balarabiya ce, in ba ku sani ba.

Hajiya ta Damagaram: Malam, ƙamus ɗin da ke jikin sunanka daga Daura ya zo?

Ɗan Zango: Ni tambaya gare ni. An ce ba a fita da ko tsinke, to ta ina aka san abin da ke ciki?

Ummi Mai Shiri: Ni ma sai da na yi dariya. Tsakanin 1954 da 1971 an yi tono sau uku, aka fito da abubuwa kimanin 80,000: madubai na tagulla, zoben zinariya daga Koriya, har ɓallin kofin gilashi daga Farisa. Suna gidan tarihi na babban wurin da ke kan tudu. Da can duk ranar 27 ga Mayu ana barin maza kamar 200 su shiga, daga 2018 aka rufe wannan ƙofar ma. Saura minti 40. Shi mai kwana 10 ɗin fa? Liman ba zai yiwu ba, boka kuma mun koma gidan jiya.

Baba Mai Ƙamus: Mabauci.

Malam Habu: Baba don Allah.

Ummi Mai Shiri: Na fito. "Wurin bautar Shinto" na ce a farko, daga nan "wurin bautar" kawai. Mutumin kuma "mai hidimar wurin". Edita ya bar hurumi sau ɗaya, na biyun ya mai da shi "keɓantaccen tsibiri", batun Barbushe kuwa ya ce lokaci bai isa ba. Baba, na saka mabauta a jimlar ƙarshe, ni na karanta da kaina, duk gabobin sama. Bai lura ba ko ya ƙyale, oho.

Abba Fagge: Matsafa dai.

Baba Mai Ƙamus: Sau ɗaya cikin 11. To, ba laifi. Ƙarfe nawa za a sa shirin?