Muhawara: rezo (irin su WhatsApp da Facebook) ne ke haɗa ƴan ƙiyayya ko da ma can suna nan?

Mushe: Salamu alaikum ƴan fada. Jiya wani ya saka lambata cikin wani gurup na WhatsApp bai tambaye ni ba, sunan gurup ɗin kamar na kishin jihar Tawa amma ciki ba komi sai vokal na zagin wata ƙabila, wai su duka ɓarayi ne da ƴan ta'adda. Har da yaran unguwarmu na gani ciki. Ni dai ra'ayina rezo ne ke ƙera waɗanga mutane, da babu shi da ba su samu juna ba.

Baba Alhaji: Wa alaikumus salam. Mushe ban yarda ba. Lokacin da anka yi kisan Fulani a garin Toda cikin jihar Maradi a 1991 wa ke da portabul? Ruwanda a 1994 da rediyo anka zuga mutane. Ƙiyayya cikin zuciya take, ku bar ɗora wa waya laifi

Anti: Baba Allah shi ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma akwai bambanci. A fada in yaro ya zagi Fulani ko Buzaye ko Zabarmawa nan take wani babba zai tsawata mishi, ko tobashinshi ya taso shi da ba'a har ya ji kumya ya yi shiru. Cikin gurup wa zai tsawata? Wanda duk ya ce ku ji tsoron Allah sai admin ya fidda shi, saura masu baki ɗaya kowa na ƙara ma wani wuta har yaro ya ɗauka duk duniya haka take tunani. Kuma gurup guda yana ɗaukar mutum 1024, kuma vokal ne, wanda bai taɓa shiga lakkol ba ma zai saurara ya tura ƙauye

Ɗan Adar: Anti ta faɗi abin da ke raina. Ku dubi Musulmin Rohingya a Miyanmar, 2017 sama da mutum 700,000 sunka gudu Bangaladash, kuma a 2018 kamfanin Facebook da kanshi ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana zugar da anka yi ta dandalinshi. Wanda ya kashe mutum 51 a masallatai biyu na Nuzilan a 2019 kai tsaye ya nuna a Facebook.

Baba Alhaji: To ai mutane ne sunka rubuta, ɗana, ba na'ura ba.

Ɗan Adar: Mutane ne Baba, amma na'urar ce ke zaɓen abin da za ta nuna maka, abin da ya fi jawo faɗa da sharhi shi take turowa gaba.

Mai shayi: Ni dai a kama admin ɗin kawai, ba akwai dokar laifukan intanet ta 2019 a Nijar ba? A 2024 ma an maido da hukuncin gidan kaso.

Anti: Kama mutum guda ba ya rufe gurup, gobe su buɗe wani da sabon sim. Kuma saƙon WhatsApp a kulle yake, kamfanin ma ba ya jin vokal ɗin, sai in wani na ciki ya kai ƙara. Shi ya sa ban so Mushe ya yi saurin fita daga gurup ɗin ba, da ka tsaya ka ɗauki shaida tukuna

Mushe: Anti wallahi zuciyata ce ba ta iya ɗauka ba, ina da ɗalibai daga ƙabilar da suke zagi. Amma na riƙe sunayen yaran unguwa uku.

Baba Alhaji: Har yanzu ni ban ga laifin waya ba, tarbiyya ce ta yi ƙaranci. Amma kada ka sa sunayen nan cikin gurup, turo mini ni kaɗai. Bayan la'asar zan je in ga iyayensu, Mushe ka zo mu tafi tare tunda kai ka ji vokal ɗin da kunnenka.