Wai "fila" ba ta da suna da Hausa ne?

Jama'a ina neman taimako. Katanga nake yi a filina can Fadaman Mada a Bauchi, jiya magini ya miƙo min lissafi a bayan kwalin siminti, na ga ya rubuta fila 14, a ƙasa kuma ya sake rubuta fila 60. Na ce malam wace irin katanga ce za ta ci fila 74, gidan yari zan gina? Ya yi dariya ya ce ai Alhaji ba iri ɗaya ba ne, ta farko mai rodi ce ta biyu kuma ta kwalliya. Toh abu biyu suna ɗaya, kuma sunan ma aro ne.

Ta farkon ba ta da rigima a wajena. Ita ce ake bar wa gurbi tsakanin bulo duk bayan kamar ƙafa 10, a ɗaure rodi huɗu tun daga tushe, kafinta ya buga katako a zuba kankare, siminti kwano 1 yashi 2 tsakuwa 4. Ita ke hana katanga kwanciya idan iskar farkon damina ta taso. Wannan ginshiƙi ce kawai, kalmar tana nan tun kafin a kafa kamfanin simintin Ashaka, kuma duk wanda ya taɓa shiga gidan Madaki na Kafin Madaki da Babban Gwani ya gina da ƙasa ya san ba Bature ne ya koya mana tsayar da gini ba.

Ta biyun ce ta hana ni barci. 'Yan ƙananan nan da ake jerawa a saman katanga ko baranda, masu ciki da wuya. Na tsaya na kalli yadda yaran suke buga su: mazubin roba ne mai ɓari biyu, a shafe cikinsa da baƙin mai don kar ya kama, a haɗa a ɗaure da kusoshi, a tsaya rodi ɗaya a tsakiya da ɗan tsini a sama da ƙasa, sai a zuba kwaɓin ana bubbuga gefe da guduma don iska ta fita, in ba haka ba ta fito da ramuka kamar zanzana. Washegari a ɓare, a yi mako ana ba ta ruwa safe da yamma. Masu gaggawa sukan ɗora ta bayan kwana biyu, shi ya sa za ka ga katanga sabuwa fil amma wuyan 'yan filar duk ya tsattsage, alhali kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa.

Na dawo. Na gode da amsoshin da kuka turo kan sunan ta biyun, na karanta duka. Wani ya ce dirka. A'a yallaɓai, dirka ai mai baki biyu ce da ake tokare rumfa ko reshe, kuma aikinta ɗaukar nauyi, waɗannan ko kaza ba sa ɗauka. Wani malaminmu ya kawo al'amudi, Allah ya ƙara ilimi malam, kalma ce mai kyau amma ka je bakin kasuwar Muda Lawal ka ce da lebura ya ɗauko maka al'amudi ka ga kallon da zai maka. Shisshike kuma mu bar wa karatu.

Mai cewa zanko ya kusa, sai dai zanko a kusurwar soro yake zama yana kallon sama shi kaɗai. Na ɗauke shi na ba wa ƙwallon nan ko tulun da ake ɗorawa a kan ginshiƙin bakin get, can ya dace.

"Ginshiƙin ado" ita ta fi samun ƙuri'a, ni dai ba ta kwanta min ba. Ta yi tsawo, kalmar ofis ce, mutumin da ke saman katanga rana na dukansa ba zai faɗe ta ba. Ku duba fa yadda magina suke raɗa suna in an bar su: cokali, kwanon sarki, rawani, bakan gizo, duk da abin da ido ya sani suke kwatantawa. Su kansu Turawan sunan da suke kiran abin daga Italiya ya fito, wai don ya yi kama da furen rumman.

Sai ga wata Hajiya ta rubuto, "ɗana ba taɓarya ba ce wannan? kai biyu, tsakiya a matse." Wallahi na fita na sake duba waɗanda ke shanye a gindin darbejiya, taɓare ne sak an jera. Wani ya ce kalangu ya fi kama, gaskiya ne ga mai siririn ƙugu, amma ni ba zan ce na jera kalangu 60 a katangata ba, surukaina za su zo.

Ni dai na tsaya a nan: mai rodi ginshiƙi, na samanta zanko, ƙananan taɓaryar katanga. Da safe na gwada a kan maginin, na ce taɓarya nawa ta rage a buga? Bai ko tambaye ni me nake nufi ba ya ce 22, kuma siminti ya ƙare, a ƙaro buhu uku.