Atishawar lokacin fure ta hana ni sakat

Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku ba ni shawara. Shekara 3 ke nan, da zarar ciyawa ta fara fure sai atishawa ta tasa ni gaba, idanuna su yi jajur da ƙaiƙayi, hanci na zuba. Likita ya ce ƙurar fure ce jikina ba ya so. Maganin cetirizine na yi min aiki, amma barci yake sa ni da rana tsaka.

Na sha zuma wata guda, shiru kake ji. Wanke hanci da ruwan gishiri ne ya ɗan taimaka, sai dai raɗaɗinsa har hawaye nake yi, alhali ina tafasa ruwan ya huce. Gishirin ne ya yi yawa? Wane awo kuke sawa, kuma sau nawa a rana?