An sauya wa mahaifiyata gwiwa, ta ƙi motsa ƙafar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana 9 da aka yi wa mahaifiyata tiyatar sauya gwiwar dama, shekarunta 64. Gwiwar ta kumbura, da daddare ba ta barci saboda zogi. Motsa jikin da aka koya mata a asibiti ta ƙi yi, ta ce ɗinkin zai warware. Sai dai ta sa filo a ƙarƙashin gwiwar ta kwanta. Ni kuma tausayinta nake ji, na kasa matsa mata. Waɗanda suka san abin, haka ake fama? Yaushe za ta taka da kanta?

Wata da aka yi wa aikin: Wa alaikumus salam 'yata. Ni ma na yi kuka a makonni biyun farko, har na yi nadamar yarda da aikin. Zogin dare da kumburin duk hanya ce. Kumburi kan kai wata uku zuwa shida kafin ya sace. Amma filon nan ki janye shi yau. Daɗi gare shi, sai dai yana sabar wa gwiwa da zama a lanƙwashe, daga baya miƙewa ta gagara. Ki sa shi ƙarƙashin diddige, gwiwar ta miƙe sambal. Na ajiye sanda wajen mako na shida. Durƙuso kam har yau ba na jin daɗinsa.

Mai aikin gashin ƙashi: Ki gaya wa Mama motsin da aka koya mata ba ya warware ɗinki, kuma yawanci tsakanin kwana 10 da 14 ake cire shi. Abin tsoro shi ne zama. Yayin da ciwon ke warkewa, tabo na taruwa a cikin gaɓar. In ba a lanƙwasa ana miƙewa, sai ta sandare, har a kai ga sake sa mata maganin barci a tanƙwara ta da hannu. Muna son ta kai digiri 90 a makonnin farko, kamar zama kan kujera ke nan. Ki ba ta maganin ciwon da aka rubuta kamar minti 30 kafin motsa jikin, bayan an gama a ɗora ƙanƙara cikin tawul na minti 15 zuwa 20. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini.

Wata ma'aikaciyar jinya: Kada a yi wasa da maganin tsinka jini, wato mai hana jini yin guda a jijiya. In sha-raɓarta ta kumbura ta yi zafi tana ciwo, ko zazzaɓi ya zo, ko wurin ɗinkin ya fara fitar da ruwa ko mugunya, ku koma asibiti a ranar. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa, nan take, ko da tsakar dare ne: gudan jini na iya tafiya huhu.

Wani ɗan uwa: Babanmu ya tsorata da ƙas-ƙas da gwiwar ke yi da kuma yadda fatar gefen tabon ba ta jin taɓi. Likita ya ce ƙas-ƙas ɗin ƙarfe ne da robar sabuwar gwiwar ke haɗuwa, duka biyun ba matsala.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na cire filon, ta yi min faɗa, amma da yamma ta yarda ta lanƙwasa sau biyar. Jibi za mu koma cire ɗinki.