Ta ina zan fara fahimtar mafarkaina?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da 'yan'uwa a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan wata huɗu ke nan ina maimaita mafarki ɗaya: sai in gan ni a tashar mota da kaya niƙi-niƙi, ina isowa motar tana tashi, in yi yunƙurin bin ta amma ƙafafuna su yi nauyi. Na sayi wani ɗan littafin fassarar mafarki a bakin masallaci, sai ya ƙara mini fargaba, domin a wani shafi tafiya alheri ce, a wani kuma rabuwa ce. Ni ba sanin gaibu nake nema ba. So nake in san ko mutum zai iya amfana da mafarkinsa wajen gyara halinsa da rayuwarsa, kuma ta ina ake farawa ba tare da an faɗa camfi ba.

Malamin Zaure:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kafin a tambayi ma'anar mafarki, sai a fara sanin irinsa. Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, da baƙanta rai daga Shaiɗan, da abin da mutum yake saƙawa a zuciyarsa da rana har ya gan shi cikin barci. Na farkon ne aka ce kashi ɗaya ne cikin kashi 46 na annabci, kuma shi ne ake kai wa masani. Ana ruwaito cewa da aka tambayi Imamu Malik ko kowa ma zai iya fassara mafarki, sai ya nuna cewa ba a wasa da annabci.

Littafin da kika saya ba zai warware miki komai ba, saboda fassara tana bin halin mai mafarkin ne. Akwai labarin da ya shahara game da Muhammad ɗan Sirin, tabi'in nan na Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira. Mutum biyu suka zo masa, kowanne ya yi mafarki yana kiran salla. Ya ce wa na farko zai yi aikin hajji, na biyu kuma ya danganta nasa da sata, yana dogara da aya ta 27 a Suratul Hajji a kan wancan, da aya ta 70 a Suratu Yusuf a kan wannan, bayan ya dubi kamannin kowannensu. To, yaya jerin kalmomi da aka buga wa kowa da kowa zai san halin da kike ciki? Malamai da dama ma suna shakkar ingancin littafin fassarar mafarki da ake jinginawa ga ɗan Sirin.

A ganina, kuma Allah ne masani, mafarkinki ya fi kama da kashi na uku. Kada ki raina shi don haka, domin shi ne yake nuna miki abin da zuciyarki take ɗauke da shi wanda hidimar rana ta hana ki saurara. Idan kuwa ya tsorata ki, ki yi tofi sau uku a hagunki, ki nemi tsari daga Shaiɗan, ki juya kwanciya, kada ki ba kowa labarinsa.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ina da ƙari a kan bayanin Malam daga ɓangaren lafiya. A shekarar 1953 wasu masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka suka gano wani mataki na barci da idanu suke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, kuma a nan ne ake yin mafi yawan mafarkan da ake iya tunawa. Matakin yana dawowa kusan bayan kowane minti 90, yana ƙara tsawo gab da asuba. A lokacin jiki yana saki, gaɓoɓi ba sa motsi, kuma idan mutum ya farka kafin jikin ya dawo daidai, abin da muke kira dannau ke nan.

Shawarata ita ce ki ajiye littafin rubutu da biro kusa da matashinki, ki rubuta abin da kika gani da zarar kin farka, tun kafin ki taɓa waya, saboda mafarki yana gushewa cikin 'yan mintuna. Ki sa kwanan wata, da yadda kika ji a ciki, ko tsoro ne ko kunya ko gaggawa, sannan ki rubuta abin da ya faru da ke a ranar da ta gabata. Bayan mako uku ko huɗu ki karanta su a jere, za ki ga ranakun da yake zuwa. Ki lura da jikinki ma, domin zazzaɓi da rashin isasshen barci da wasu magunguna suna rikita mafarki. Idan ya kai ga hana ki barci ko ya biyo bayan wani tashin hankali da kika shiga, ki ga likita.

Hajiya Babba:

'Yata, abu ɗaya zan roƙe ki: kada ki taɓa kama sunan wani saboda kin gan shi a mafarki. Ina ƙuruciya na yi mafarkin wata 'yar'uwata tana miƙa mini abinci, na gaya wa wata ƙawata, ta ce ai sammu ne. Shekara biyu ban taka gidan baiwar Allah nan ba, alhali ba ta yi mini komai ba, kuma har yau ina jin nauyin abin. Ki tuna Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya hana ɗansa Yusuf gaya wa 'yan'uwansa mafarkin taurari goma sha ɗaya da rana da wata, duk da cewa mafarkin alheri ne. Ki zaɓi wanda za ki faɗa wa, mai ilmi ko mai ƙaunarki.

Uwar Biyu:

Allah ya saka muku da alheri, Malam, da Anti, da Hajiya. Da na karanta amsoshinku sai na zauna na yi lissafi, na tarar mafarkin ya fara ne a watan da ƙawayena da muka gama sakandare tare suka kammala karatun NCE, ni kuwa na ajiye nawa tun bayan haihuwar tagwaye, kullum ina cewa sai baɗi. Ban taɓa gaya wa kowa cewa abin yana damuna ba, ko maigidana bai sani ba. Na ajiye littafin rubutu a gefen gado tun daren jiya, kuma na yi niyyar in zauna da maigidana mu yi maganar komawata makaranta kafin a rufe sayar da fom na bana.