Sakamakon rinin tsokar sankarar nono: ER babu, PR babu, HER2 2+. Mu biya FISH ko a sake rinin?

Maman Hafsat: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji. An cire wa yayata nono saboda sankara, sakamakon rinin tsokar, wato gwajin da ke neman furotin uku a ƙwayoyin sankarar don zaɓen magani, ya fito: ER babu, PR babu, HER2 kuma 2+. Likita ya ce a kai FISH, wani gwaji na tabbatar da HER2. Sai dai ranar Juma'a da yamma aka yi tiyatar, tsokar ba ta isa ɗakin gwaji ba sai Litinin. Kafin nan an taɓa ɗibar samfuri da allura a wani asibitin, bulok ɗinsa, wato kakin da aka daskarar da samfurin a ciki, na can, ba a yi masa wannan rinin ba. Kuɗin abu ɗaya ne a hannunmu. Mu biya FISH a kan tsokar tiyatar, ko mu karɓo bulok ɗin allurar a yi rinin daga farko?

Mai Kemis: Allah ya ba ta lafiya. Maganin HER2 trastuzumab ne, duk mako 3 har shekara guda, kuma sai an duba zuciya kafin a fara. Ku soma tanadi tun yanzu.

Sista Tiyata: Malam, 2+ fa ta ce. Sai 3+ ake cewa akwai. 2+ tsaka-tsaki ne, shi ya sa ake neman FISH ya ƙirga kwafin ƙwayar gadon.

Ɗan Histo: Hajiya, a cikin me tsokar ta kwana ukun nan? Ƙa'ida ita ce ta shiga fomalin, ruwan da ke hana tsoka ruɓewa, cikin awa 1 da cirewa, ta yi awa 6 zuwa 72 a ciki. Fomalin ɗin mai kashi 10, wanda aka daidaita tsaminsa, yawansa ya ninka tsokar sau 10. Nono kuma ba a jefa shi gaba ɗaya, sai an tsattsaga shi, tazarar milimita 5. Fomalin kusan milimita 1 yake ratsawa a awa, kitse kuma yana tare shi. Idan ba a tsaga ba, waje ya kamu, tsakiya inda ƙarin yake ta ruɓe. Furotin ɗin ER na cikin masu saurin lalacewa, sai sakamako ya ce babu alhali akwai.

Maman Hafsat: Nas ta ce an zuba fomalin a bokitin da aka sa nonon, amma ba a yanka ba.

Baba Mai Ritaya: Abin da ke cin raina ke nan. Akwai wata baiwar Allah da aka kawo tsokarta daga wani ƙaramin asibiti a bokitin fenti, ɗanta ne ya riƙo shi a motar haya. Ko fomalin babu, ruwan gishirin ƙarin ruwa aka zuba. Da aka yanka, tsakiya ta yi laushi kamar nunanniyar gwanda. Aka yi rinin a haka, duka ukun suka fito babu, aka rubuta, aka sa hannu. Ta sha kemo, aka sallame ta ba tamoxifen, maganin da ake ba masu ER. Bayan shekaru ciwon ya dawo a hammata, aka ɗebo da allura aka sa a fomalin nan take, sai ga ER ya cika gilashi. Maganin da ya fi kowanne araha, ƙwaya ɗaya kullum, shi aka hana ta. Fomalin kuwa haɗa shi ba wuya: kashi 1 na mai ƙarfin, kashi 9 na ruwa, da gishirin fosfet iri biyu, giram 4 da giram 6.5 a lita. Wannan ne ya gagari asibiti guda?

Sista Tiyata: Baba, ba kullum laifin ɗakin tiyata ba ne. Sau nawa ake rubuta takardar neman fomalin sito ya ce babu? Abin da ya rage shi ake tsinkawa da ruwan famfo.

Mai Kemis: Ni a saninmu FISH ya ninka kuɗin rinin ukun sau biyu.

Abu Yasir: A'a, ya danganta. Akwai inda ake cajin kowane antibodi (sinadarin rinin) daban, idan aka ƙara wani rinin mai suna Ki-67 tazarar ba ta kai haka ba. Farashin bara ma ba shi ne na bana ba, da dala ake sayo su.

Sista Tiyata: A wajenmu kuɗi ɗaya ne na ukun, kuma ya yi ƙasa da haka sosai. Matsalar jira ce, sai samfura sun taru ake buɗe kwalbar antibodi.

Dakta Kansa: Ku yi haƙuri, likitan da ya ga maras lafiya shi ke da ta cewa. Ya nemi FISH, a yi FISH. Ƙwayar gado ta fi furotin jure jinkiri.

Ɗan Histo: Dakta, da girmamawa, likita takarda yake gani, mu muke ganin gilashin. FISH zai amsa HER2 kaɗai, ER fa? Hajiya, ki roƙi likitan tsokar da ya sa hannu ya duba abu ɗaya: lafiyayyun bututun nono da ke gefen ƙarin sun ɗau rini? A ƙa'ida wasu daga cikin ƙwayoyinsu suna yin launin ruwan ƙasa da rinin ER. Idan su ma fes suke, wannan "babu" ɗin ba abin dogaro ba ne. Kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin ƙarin kawai ake nema su ɗau rini a ce akwai. Samfurin allura siriri ne, fomalin na ratsa shi da wuri. Idan HER2 ya fito 0, 1+ ko 3+ a kansa, an huta da FISH. Idan ya sake zama 2+, a kan wannan bulok ɗin za a yi. Don haka a yanko duka gilasan lokaci guda, kaurin maikiron 4, kada a aske tsokar ta ƙare.

Mai Kemis: Ɗan Histo ko tuwo aka kawo masa sai ya tambayi awa nawa ya yi a fomalin.

Dakta Kansa: Ban ƙi maganarka ba, amma ɗakin gwaji ma yana ɓata nasa. Antibodin da ya kamata ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, firjin ya kwana babu wuta. Ko a dafa gilashi a ruwan sitiret mai pH 6 alhali kamfanin antibodin ya ce wani ruwan daban, EDTA. Wasu ko tsokar shaida, wadda aka san tana ɗaukar rinin, ba sa ɗorawa a gefen gilashin.

Abu Yasir: Sai ma in za su ba ta bulok ɗin. Wasu wuraren cewa suke kayan asibiti ne, ba ya fita.

Baba Mai Ritaya: Fitar ma alheri ce idan an same shi. Je ka ga inda ake ajiye su: kwali a sito mai rufin kwano, zafin Afrilu ya manne su da juna, ɓera ya ci kakin har da lambar. Abin da ya kamata a adana shekara 10.

Sista Tiyata: Ta je da wasiƙar likita, mai ɗauke da lambar samfurin da alkawarin mayarwa. Idan sun ƙi, ta nemi gilasai marasa rini, a yi amfani da su cikin mako 6.

Abu Yasir: Wasiƙar ma sai shugaban sashe ya dawo daga taro.

Maman Hafsat: Na gode, Allah ya saka. Wasiƙar wa zai rubuta, likitan tiyata ko na kansa? Ranar Talata ce za ta koma asibiti.