Jirgin nan da ya sauka cikin kogi, ta ina ya iso muku kuma mi aka ce a wajenku?

Ɗan Birni
Salamu alaikum ƴan uwa. Bidiyon nan na jirgin sama kwance bisa ruwa mutane sun jeru kan fiffike, wanda ya sake tasowa satin nan, ina so kowa ya faɗi yadda ya iso mishi don mu a gidanmu saura kaɗan ya kwantar mana da tsohuwa. Yayana ya tashi daga Yamai talata da dare za shi Istambul sarin kaya, laraba da hantsi sai ga wata ƙanwar Inna ta turo bidiyon a gurup ɗin dangi haɗe da bokal na wani mutum da ba wanda ya san shi, yana ta salati wai jirgi ya faɗa kogin Isa kusa da gadar Kennedy ta Yamai jiya da dare a taya da addu'a. Inna ba ta karatu amma bokal tana jin shi sarai. Tana cikin tankaɗe a tsakar gida na ga ta aje rariya a ƙasa ta zauna bisa turmi, ita da ba ta taɓa faɗin sunanshi ba don ɗan fari ne, ranar da bakinta ta ambace shi har sau uku tace a kira mata shi. Lambar Nijar ba ta shiga, WhatsApp ɗinshi tun dare bai hau ba. Na buɗa hoton na nuna mata nace Inna dubi dogayen benayen nan na baya, ina Yamai ta samu irinsu, tace kai yaushe rabonka da Yamai da za ka san abin da aka gina. Sai bayan azahar ya samu intanet a masauki ya kira, yana ta dariya bai san mi ake ciki ba, ita kuwa ko ruwa ba ta sha ba tun safe.

Malamin lakwal
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ni a ɗakin malamai aka nuna min, wani abokin aiki ya rantse a Legas ne. Abin ya faru ne ranar alhamis 15 ga Janairu 2009 a birnin New York na Amurka, kogin kuma Hudson ne. Jirgin Airbus A320 na kamfanin US Airways, lamba 1549, ya tashi daga filin LaGuardia za shi Charlotte da mutum 155, fasinja 150 ma'aikata 5. Minti biyu da tashi ya kutsa cikin garken dinya, irin manyan nan na Kanada, injin biyu duka suka haɗiye tsuntsaye suka mutu. Matuƙin, Chesley Sullenberger, ya ga ba zai kai filin da ya baro ba, an ba shi wani filin a Teterboro yace shi ma ba zai kai ba, sai ya miƙe bisa kogin. Daga karo da tsuntsayen zuwa taɓa ruwa daƙiƙa 208. Ba wanda ya rasu. Abin da ke yawo yanzu haɗin gambiza ne, hoton mutane bisa fiffike na gaskiya ne amma wurin da ake ganin cikin jirgi mutane na kuka fes kamar kana ciki, wannan daga fim ne da aka yi a 2016. Bidiyon ainihi na kamarorin bakin kogi ne, daga nesa, dishi-dishi.

Tsohon mai sibar
Malam ka tuna min da nisa walahi. Lokacin ina tsaron sibar a Zango, kwamfuta takwas biyu matattu. Daren alhamis ɗin muna fada ana shayi an kunna parabol saboda yaƙin Gaza da ake yi lokacin kowa idonshi na Aljazira, wajen goma na dare sai suka yanke suka nuno jirgi cikin ruwa, muka ce shikenan wani sha ɗaya ga Satumba ne kuma tunda New York ce kuma saura kwana biyar a rantsar da Obama. Da safe kafin in share shago mutane sun taru. Rezo na lokacin kun san shi, hoto ɗaya sai ya sauko daga sama layi-layi kamar ana saƙar tabarma, aka fara ganin sararin sama, sai benaye, sai wutsiyar jirgi, mutum wajen goma sha biyar a bayana suna numfashi a wuyana, da aka iso kan mutanen da ke tsaye sai wani dattijo yace la ilaha illallahu bisa ruwa suke tafiya. Fiffiken ya nutse kaɗan ne shi ya sa kamar a kan ruwa suke tsaye. Hoton da ya fi yawo wani fasinjan jirgin fito ne ya ɗauka da wayarshi ya sa a Twitter tun ana cikin kwasar mutane, mu lokacin ko sunan Twitter ba mu sani ba. Na buga shi a takarda na liƙa a ƙofa, sati guda ana zuwa kallo, wasu ma ba su shigo ba kallo kawai su wuce, mai shagon yace in cire tunda ba kuɗi yake kawowa ba.

Ɗan kabu-kabu Garin Malam
hhhh ni abin da nace da aka turo min, Allah ya so shi ba Damagaram ya biyo ba, da ya leƙo neman ruwa sai ya ga layin bido kawai da ƴan garuwa, sai dai in ya lallaɓa Gidimuni 😂

Hajiya ta Sabon Gari
Kai yaro Allah ya shirye ka, ana maganar rayuka. Ni ƴata ce ta nuna min wata biyu kafin tafiyata hajji kuma da ban gani ba da ban san ina cikin duhu ba. Da muka shiga jirgi a Yamai ma'aikaciyar ta tsaya gaba ta rataya wata riga ruwan ɗorawa tana nuni da hannu, ana bayani da faransanci da turanci, jirgi cike da tsofaffin ƙauye waɗanda ko mota mai nisa wasu ba su taɓa shiga ba, ba kalma ɗaya da hausa ko zabarmanci. Ta kusa da ni wata baiwar Allah daga wajen Magarya tace Hajiya tallar riga ake? Nace a'a ta ceto ce in an faɗa ruwa, tace wane ruwa kuma a hanyar Makka, nace Bahar Maliya fa za mu ƙetare. Na duƙa na laluba ƙarƙashin kujerata na ji ta a cikin wata ƴar jaka, na kama hannunta na kai ƙarƙashin tata ta taɓa, sai ta yi shiru can tace to in an faɗa ɗin ke za ki sa min. Daga nan magana ta bi layi, na baya na tambayar na gaba, kowa ya duƙa yana lalube har ma'aikaciyar ta zo tana non non da hannu don wani tsoho ya riga ya zaro tashi ya buɗe. Ni har yau abin na ci min rai, ana bita sati da sati a koya mana ɗawafi da jifa, minti biyar na wannan ba mai yi.

Ɗalibi a Kazablanka
Hajiya gaskiyarki kuma ba ƴan ƙauye kaɗai ba. Su ma na Hudson ɗin turawan da ke hawa jirgi kullum, bincike ya nuna mafi yawansu ba su saurari bayanin ba kuma mafi yawa sun fita babu rigar, wasu matashin kujera suka rungumo. Abin da ya cece su jiragen fito na nan kusa, na farko ya iso cikin minti huɗu, ga sanyin Janairu ruwan bai wuce digiri 5 ba, da an jima da wani labarin ake. Ni a gurup ɗin ɗalibai faɗa aka yi kwana biyu, wani ya turo da rubutu wai matuƙin musulmi ne ya yi kiran sallah injin ya tashi, nace ba haka ba ne injin bai tashi ba ma shi ya sa aka sauka a ruwa, sai aka ce ina musun ikon Allah. Nace to ikon Allah ɗin ne ya sa mai shekara 57 da ya tuƙa jirgin yaƙi kuma ya iya tuƙa jirgi marar inji tun yana saurayi ya kasance a kujerar ranar, wannan bai isa abin mamaki ba sai an ƙara ƙarya? Admin ya cire ni ya maido ni da daddare.

Baba direba
Ƴaƴana ku yi haƙuri jikana ke rubuta min. Ni da na gani ba murna ce ta fara zo min ba, 1989 na tuna. Ina kan hanyar Agadas lokacin da kamyo, muka ji a rediyo jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Brazabil ya biya Injamena za shi Faransa ya ɓace, sai washegari aka gano shi warwatse cikin Tenere, bam aka sa mishi, mutum 170 ko ɗaya bai fita ba. 19 ga Satumba. Ba hoto ba bidiyo, a tasha muka kewaye rediyo ɗaya ana ƙara mishi batir ana ɗaga shi sama. Shi ya sa da jikan nan ya nuna min mutane tsaye da ransu bisa fiffike nace ya maimaita min har sau huɗu ina ƙirga su da yatsa, ban yarda ba sai da Malam ya faɗi adadin nan a sama. Kuma wanda ya ce min matuƙin sai da ya zaga cikin jirgin sau biyu ruwa na shiga don ya tabbata ba a bar kowa ba sannan ya fita, gaskiya ne Malam?

Malamin lakwal
Gaskiya ne Baba, shi ne na ƙarshen fita. Kuma tunda Hajiya ta tado maganar riga, wani a gurup ɗinmu na unguwa ya turo wani bidiyon daban yace ci gaban wannan ne, jirgi na saukowa bisa teku fiffike ya taɓa ruwa ya wuntsila ya tarwatse. Wancan jirgin kamfanin Habasha ne, Nuwamba 1996, ƴan fashi uku suka karkatar da shi wai a kai su Ostireliya, mai ya ƙare ya faɗi gaɓar tsibirin Komoro, mutum 125 cikin 175 suka rasu, masu yawon buɗe ido a bakin teku suka ɗauki bidiyon. Da yawa sun tsira daga faɗuwar amma sun hura rigar tun suna ciki, da ruwa ya cika sai ta ɗaga su ta manne su da rufin jirgi suka kasa nutsawa su fita ta ƙofa. Ana sa ta a ciki amma ba a jan igiyar sai an kai bakin ƙofa.

Hajiya ta Sabon Gari
Innalillahi. Malam walahi wannan ban sani ba, ni da niyyata in an ce an faɗa in ja tawa in ja ta baiwar Allahn nan tun muna zaune. Ka ga ni da nake ganin na waye.

Ɗan kabu-kabu Garin Malam
Hajiya a yafe min na ɗazu. amma akwai wanda na gani ya sauka cikin gona shi ma tsuntsaye ne wai, wannan fa

Ɗalibi a Kazablanka
Rasha ne, Agusta 2019 kusa da Mosko, gonar masara, mutum 233 duk sun fita.

Ɗan kabu-kabu Garin Malam
to Agusta ai masara ta yi goyo, wa ya biya mai gonar

Maman ƴan biyu
Ni tawa ƙarama ce. Mijina ke kallo da daddare da ƙara, ƴan biyu suka leƙa suka gani, washegari na tarar sun ɗauki bahon wanki da ruwan da na sayi bido biyu da kuɗina tun asuba sun juye duka sun sa jirgin kwali a ciki sun jera ƙwallayen dabino bisa fiffike wai fasinja ne, ɗaya na riƙe da murfin kwano shi ne jirgin fito. Na ɗaga hannu zan make su sai na ga suna kwashe dabinon ɗaya-ɗaya suna ƙirgawa kar a manta wani, na kasa. Da ruwan na yi wankin haka nan da guntun kwali a ciki.

Ɗan Birni
Na gode jama'a, na karanta wa Inna duka jiya bayan isha'i, wurin na Hajiya sai da ta sa na maimaita. Yayan nawa ya dawo yau da asuba, ko jaka bai aje ba ta tare shi a zaure tace akwai riga ƙarƙashin kujerarka? Yace wace riga, tace ta ruwa, yace eh to ana dai faɗi bai taɓa dubawa ba, shi da ya yi tafiyar nan ta fi sau goma. Tace kuma ba a hura ta a ciki ka sani? Ya juyo yana kallona wai wa ya koya mata. Ita kuwa ƙanwar tata da ta turo bokal ɗin na kira ta na yi mata bayani da ladabi tace ai ita ma turo mata aka yi, ɗazun nan kuma ta sake sako wani a gurup, jirgin ƙasa ne wannan karon, ban buɗe ba tukuna kiredina ya ƙare.